Fashin Baƙi: Ta wace hanya Jihar Neja za ta samu malaman makarantun gwamnati na gobe?

Gawu Babangida, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara da ke cikin Masarautar Suleja, tana daga cikin garuruwan Jihar Neja da suka fi kusa da Abuja. Wannan kusanci alheri ne ga manomin da ke kai doya kasuwar Lambata, da direban da ke jigila tsakanin Diko da Minna. Amma ga makarantar firamaren gwamnati, kusancin yana da wata fuska dabam. Matashin da ya kammala kwalejin ilimi daga wannan yanki yana da ƙofofi da dama a gabansa. Makarantu masu zaman kansu sun cika Suleja da Madalla da Zuba, ga ayyukan kamfanoni da shaguna a babban birnin tarayya, ga kuma sana'ar hannu wadda kuɗinta ba ya jiran ƙarshen wata. Koyarwa a wani ƙauye da babur kaɗai ke iya shiga da damina ita ce zaɓin da yakan zo a ƙarshe.

Ƙidayar 2006 ta ba Gurara mutum 90,974, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci. Kowace shekara ana samun sababbin yara 'yan shekara shida waɗanda doka ta wajabta a sa su makaranta. Kowace shekara kuma wasu malamai suna yin ritaya, wasu suna rasuwa, wasu suna ajiye alli su kama wani aiki. Tambayar da ke gaban gwamnatin jiha ita ce su wa za su maye gurbinsu, a ina za a horar da su, wa zai tantance su, wa zai biya su, kuma me zai sa su zauna inda aka tura su. Amsar ba ta cikin takarda guda. Tana warwatse ne a cikin dokokin tarayya, da tsare-tsaren jiha, da aljihun ƙananan hukumomi.

Wa ke da ikon ɗaukar malami?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk malamin makarantar gwamnati ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Abin bai tsaya haka ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi hukuma a kowace jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, da kuma ofishin ilimi a kowace ƙaramar hukuma ƙarƙashin sakataren ilimi. A aikace, malamin firamare a Gawu ko Izom ko Kabo yana amsa umarnin sakataren ilimin Gurara, takardunsa suna wucewa ta hukumar da ke Minna, albashinsa kuwa daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. Malamin babbar sakandare shi ne wanda jiha ke ɗauka kai-tsaye ta kuma biya daga baitulmalinta.

Wannan rabon aiki shi ne tushen yawancin matsalar. Wanda ke da ikon amincewa da ɗaukar malami ba lallai ne ya zama mai biyansa ba, wanda kuma ya san makarantar da ba ta da malamin lissafi ba shi da ikon ɗauka. Hedimasta ya san giɓin da ke makarantarsa, sakataren ilimi ya san na yankinsa, amma sai an samu sahalewar gwamna kafin a buɗe ƙofa. Idan kuwa aka yi shekaru ba a buɗe ba, sai a tara giɓin shekara biyar ko shida a nemi cike shi cikin wata uku, kuma a irin wannan gaggawa ne takardun manya da sunayen 'yan siyasa ke samun hanyar shiga.

Gwamnatin tarayya tana da hannu, amma ba a albashi ba. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, wadda ke ba jihohi tallafi bisa sharaɗin su ajiye kwatankwacin abin da za a ba su. Wannan kuɗi na gina azuzuwa ne da sayen kujeru da littattafai da horar da malaman da ke bakin aiki. Ba a biyan albashi da shi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga sabon gini mai fenti a gefen hanya, yara sun cika shi, amma malamai biyu ke zagaya aji shida. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa aji ɗaya a makarantar gwamnati da ke cikin gari zai iya auna tazarar da ke tsakanin wannan adadi da abin da ido ke gani.

Sharuɗɗan da ke kan takarda

A dokance, mafi ƙarancin shaidar da mutum zai riƙe kafin ya koyar ita ce NCE, wadda ake samu bayan shekara uku a kwalejin ilimi. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara abin da ake koyarwa a can. Bayan haka akwai Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda dokar soja ta 1993 ta kafa, kuma tun 2017 take shirya jarrabawar cancanta kafin ta ba mutum lasisi. Mai digirin da ba na koyarwa ba yana buƙatar difloma ta ilimi kafin a yi masa rajista. Mai NCE yakan fara aiki a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8.

Jihar Neja ba ta rasa wuraren horo ba. Kwalejin Ilimi ta Minna ta fara ne a 1975 a matsayin babbar kwalejin horon malamai, tun kafin a yanko jihar daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma a watan Fabrairun 1976. Akwai jami'ar ilimi ta tarayya a Kontagora, akwai tsangayar ilimi a Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, akwai kuma cibiyoyin karatu daga gida na NTI. Saboda haka masu riƙe da takarda ba su yi ƙaranci ba. Duk lokacin da wata jiha ta buɗe shafin neman aikin koyarwa, masu nema sukan ninka guraben sau da yawa.

Abin dubawa shi ne su wa ke shiga kwalejojin tun farko. A 2025, mafi ƙarancin makin JAMB da aka amince da shi don shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi kuwa 100 ne cikin 400. Ma'ana, wanda ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na jarrabawa yana iya samun gurbin koyon aikin da zai ɗora harsashin karatun yara. Wannan ba ya nufin babu haziƙai a kwalejojin, akwai su, kuma da yawansu talauci ne ya hana su jami'a. Amma tsarin kansa yana shaida wa ɗalibi cewa malanta wurin wanda ya rasa ne. Jihar da ta tsaya jiran ranar ɗaukar aiki kafin ta fara tace mutane ta makara da shekara uku.

Yadda aka yi a da

Wannan yanki yana da misali a cikin tarihinsa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an kafa ta ne don horar da malamai, kuma ana zaɓo mata ɗaliban da suka fi hazaƙa daga makarantun larduna. Daga can Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a ta Bauci. Daga can ne kuma Sulaimanu Barau ya fito, ya koyar a Keffi da Bida tsakanin 1927 da 1931, sannan aka naɗa shi Hakimin Diko, garin da yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Gurara. A 1944 ya zama Sarkin Abuja, kuma daga sunansa aka samo sunan Suleja bayan da sabon babban birnin tarayya ya ɗauki tsohon sunan garin. A wancan zamani aji ne matakalar farko ta shugabanci, kuma ɗan sarki ba ya jin kunyar a kira shi malamin makaranta.

Bayan haka sai zamanin kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar da aka fi sani da Giredi Tu. Ana ɗaukar yaro bayan firamare, ya yi shekara biyar a makarantar kwana, yana koyon darussan da zai koyar da kuma dabarun koyar da su, yana fita gwajin koyarwa a makarantun da ke kusa ƙarƙashin idon malamansa. Gwamnati ke ciyar da shi, aiki kuma yana jiransa. Dattawan da suka bi ta wannan hanya har yau suna alfahari da ita, kuma suna da hujja a abu ɗaya: malamin Giredi Tu an shirya shi ne don firamare, ya san yadda ake koya wa yaro baƙi da wasali da ƙidaya. Mai NCE na shekarun baya kuwa sau da yawa darussa biyu ya karanta, kamar tattalin arziki da nazarin zamantakewa, sai a wayi gari an ba shi aji biyu ya koyar da komai.

Sai dai kada ɗokin tuna baya ya rufe ido. Tsarin ya fara tsagewa ne tun lokacin shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumban 1976. An yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka shiga horon gaggawa, aka ɗebi waɗanda ba su gama shiri ba aka ba su aji, aka kafa NTI a Kaduna a shekarar don ta ɗaga darajarsu suna bakin aiki. Darasin da UPE ta bari shi ne ana iya gina aji cikin wata shida, amma ba a samar da malami cikin wata shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin Mararrabar Dandaudu

A zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello, wanda ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, Neja ta yi ƙoƙarin dawo da wani abu daga ruhin tsohon tsarin. An kafa cibiyar horar da malamai a Mararrabar Dandaudu, da niyyar kowace shiyyar sanata ta samu irinta. Manufar ita ce a ɗauki ɗalibai tun a matakin babbar sakandare, a raine su da tunanin malanta, kafin su wuce kwalejin ilimi ko jami'a, sannan su dawo makarantun gwamnati.

Tunanin yana da ƙarfi ta fuskoki biyu. Na farko, yana kama ɗalibi kafin JAMB ta raba masu maki da marasa maki, wato kafin haziƙin ya tafi likitanci ko lauya. Na biyu, yana ba ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa hanyar karatu wadda iyayensa ba za su iya biya ba, kuma irin wannan yaro, idan daga ƙauye ya fito, ya fi yiwuwa ya yarda ya koma ƙauye.

Amma hanyar tana da tsawo. Shekara uku a sakandare, uku a kwaleji ko huɗu a jami'a, ga hidimar ƙasa ga mai digiri. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 15 ba zai tsaya gaban allo ba sai bayan shekara shida zuwa takwas, wato kusan wa'adin gwamna biyu. Gwamnatin da ta shuka ba ita za ta girba ba, kuma a siyasarmu shukar da wani zai girba ba ta cika samun ban ruwa ba. Cibiyar kuma ba ta ba da shaidar da doka ta amince a koyar da ita, domin takardar WAEC ko NECO ba lasisin malanta ba ce. Idan ba a ɗaure matakan uku da doka ba, wato gurbi a kwaleji, da tallafin karatu, da takardar kama aiki, abin da za a samu shi ne makarantar sakandare mai kyau wadda ɗalibanta za su watse zuwa wasu fannoni. Wannan ba asara ba ce ga yaran, amma ba shi ne abin da aka kashe kuɗin dominsa ba.

Akwai gwajin da ya riga wannan, wanda ya cancanci a riƙa tunawa da shi. A 2008, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da tallafin Birtaniya, an fara ba mata 'yan karkara tallafin karatun NCE a jihohi huɗu: Bauci, Katsina, Neja da Sakkwato. Sharaɗin shi ne idan mace ta gama za ta koma ta koyar a makarantar karkara na aƙalla shekara biyu. Dalilin a bayyane yake, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki su tura 'yarsu makarantar da ke da malama. Binciken da aka yi kan shirin daga baya ya nuna inda aka yi tuntuɓe. Da yawa daga cikin ɗaliban sun zo da raunin Turanci daga sakandare, suka yi ta maimaita darussa. Kuɗin tallafin yakan makara. Wasu kuma da suka kammala sai da suka yi zaman jiran takardar aiki. Duk wanda zai tsara sabon shiri a Neja yana da wannan madubi a gida, ba sai ya je wata ƙasa ba.

Tantancewa: abin da Kaduna ta koyar

A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin 100 da aka gindaya ba. Aka sallame su, aka sanar da ɗaukar 25,000, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki. Abin da ba a cika ambato ba shi ne abin da ya biyo baya: a 2018 gwamnatin ta sake sallamar fiye da 4,000 daga cikin sababbin da ta ɗauka, bayan ta gano su ma ba su cancanta ba. Wato ko gwamnatin da ta ɗaura ɗamarar tacewa, da ta buɗe ƙofa ga dubban mutane a lokaci guda, sai da baragurbi suka shige.

Katsina ta bi hanya mai sauƙin rikici a 2023, inda gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai 7,325 bayan jarrabawa, cikinsu har da waɗanda suka riga suka yi aikin wucin-gadi a azuzuwa. Hikimar a nan ita ce tacewa a bakin ƙofa ta fi korar wanda ya shekara goma yana karɓar albashi arha, a kuɗi da kuma a siyasa.

Jarrabawar kwamfuta tana rage son kai, domin na'ura ba ta san ɗan wane ba. Amma tana auna abin da mutum ya sani ne kawai, ba ta auna ko zai iya sa yaro ɗan shekara bakwai ya gane shi. Tantancewar da ta cika ita ce wadda za a sa mai nema ya tsaya gaban aji na minti ashirin, masu dubawa suna kallo. Wannan yana cin lokaci, shi ya sa ya fi dacewa da jihar da ke ɗaukar ɗaruruwa kowace shekara maimakon dubbai sau ɗaya a wa'adi. Kuma ya kamata a liƙa sakamako a ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma, da suna da maki da makarantar da aka tura mutum, yadda mutumin Lambata zai iya zuwa Gawu ya gani da idonsa.

Batun aljihu

Duk wata manufa a nan take tsayawa ko ta faɗi. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da jerin alkawura: tsarin albashi na musamman, tallafin karatu ga ɗaliban fannin ilimi, aiki kai-tsaye bayan kammalawa, alawus na zaman karkara, da ƙarin shekarun aiki. A shekarar da ta biyo baya aka ambaci naira 75,000 a kowane zangon karatu ga masu digirin ilimi, da naira 50,000 ga masu NCE. Daga cikin waɗannan, wanda ya zama doka shi ne na ritaya, a 2022: shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Sauran sun dogara ne ga jihohi da ƙananan hukumomi, tunda su ke da mafi yawan malamai, kuma tarayya ba ta iya tilasta musu kashe kuɗin da ba ta ba su ba.

Ƙarin shekarun ritaya kansa takobi ne mai kaifi biyu. Yana riƙe gogaggun malamai na ƙarin shekara biyar, amma yana jinkirta buɗewar gurabe ga matasa, kuma malami ɗaya da ke mataki na 14 yana cin albashin da zai kusa ɗaukar sababbi biyu. Jihar da ta karɓi dokar tana sayen lokaci ne kawai, domin waɗanda aka ƙara wa wa'adin za su fita kusan tare.

Malaman firamaren Neja sun san ɗacin albashin kashi-kashi, lokacin da kason wasu ƙananan hukumomi ya gaza ɗaukar nauyin ma'aikatansu, lamarin da ya kai NUT ga yajin aiki a farkon 2022. Gwamna Mohammed Umaru Bago ya amince da naira 80,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Oktoban 2024, sama da naira 70,000 na tarayya. Wannan ci gaba ne, amma yana nufin kowane sabon malami ya ƙara tsada ga mai biya. Lissafin mai sauƙi ne: malamai 100 a kan naira 80,000 sun kama naira miliyan 8 a wata, miliyan 96 a shekara, kafin a zo ga ƙarin girma da fansho.

Sannan ga hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. NUT ta daɗe tana fargabar a mayar da albashin firamare hannun shugabannin ƙananan hukumomi kacokan, saboda ta tuna shekarun da malamai suka yi watanni ba albashi a ƙarƙashinsu. Misalin yana nan a maƙwabta: malaman firamaren Abuja, waɗanda ƙananan hukumomin birnin ke biya, sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan sabon albashi. Idan haka ta faru a birnin tarayya, dole duk mai tsara ɗaukar malamai a jiha mai ƙananan hukumomi 25, masu arziki da marasa shi, ya fara da tambayar wa zai biya, kuma daga wane asusu.

Akwai jarabar bin hanya mai arha, wato malaman wucin-gadi. Tarayya ta gwada da shirin malamai na 2006 mai wa'adin shekara biyu, ta sake gwadawa da N-Power a 2016 a kan naira 30,000 a wata. Jamhuriyar Nijar ta dogara da malaman kwantiragi tun ƙarshen shekarun 1990 har suka zama mafi rinjaye a firamarenta. Yara sun ƙaru a makaranta, amma yajin aiki da koken ingancin karatu ba su ƙare ba. Mai aikin wucin-gadi ƙafarsa ɗaya tana waje, kuma a wuri kamar Gurara, inda Abuja ke kusa, ba ya daɗewa kafin ta biyun ta bi.

Turawa da zama

Ɗaukar malami rabin aiki ne. Neja ce jiha mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, fiye da murabba'in kilomita 76,000, kuma matsalarta sau da yawa ta rabo ce kafin ta zama ta adadi. Makarantun cikin Minna da Suleja da Bida da Kontagora sukan tara malamai, na ƙauye kuwa su tashi da hedimasta da mutum ɗaya ko biyu. Wanda aka tura ƙauye yakan fara neman canji tun kafin ya karɓi albashin farko, da takardar asibiti, ko ta aure, ko ta wani babba. Tun bayan sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021, da na Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar, tsoro ya zama dalili na gaskiya a wasu yankunan, wanda ba za a kira shi uzuri ba.

Maganin da ya fi dacewa da hankali shi ne a ɗauki mutum don takamaimiyar makaranta. A sanar cewa makaranta kaza a gundumar kaza tana neman malamai uku, mai nema ya san inda za shi tun kafin ya cike takarda, a kuma rubuta cewa ba canji sai bayan wasu shekaru. Wannan yana fifita 'yan yankin, kuma a Gurara yana da ƙarin amfani ta fuskar harshe. Yara da yawa a nan da Gbagyi suke tashi a gida, Hausa ce harshen kasuwa, Turanci kuma na littafi. Ko wane harshe manufa ta ce a koyar da shi, malamin aji ɗaya da zai iya yi wa yaro bayani da harshen da uwarsa ke yi masa magana ya riga abokin aikinsa nisa. Haka ma rugagen Fulani, inda makarantun makiyaya suka fi kowa fama da rashin mai zama.

Haɗarin ɗaukar 'yan gida shi ne kada "ɗan asalin yanki" ya zama mayafin rufe rashin cancanta, kansila ya kawo ƙaninsa, mai unguwa ya kawo surukinsa. Shi ya sa matakan biyu ba sa rabuwa: jarrabawa ɗaya ga kowa a faɗin jiha, da makin da ba a sassautawa, sannan a zaɓi na kusa daga cikin waɗanda suka haye. Inda gunduma ta kasa fitar da ko mutum ɗaya da ya haye, nan ne ya kamata guraben cibiyoyi irin ta Mararrabar Dandaudu da tallafin karatun kwaleji su fi karkata, tare da ɗakin kwana da alawus ga baƙon malamin da zai riƙe makarantar kafin 'yan gida su kammala.

Rahoton UNESCO na 2024 ya ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Kason Gurara a wannan adadi ana iya sanin sa ba tare da wani ƙwararre daga waje ba. Ofishin ilimi da ke Gawu Babangida yana da rajistar kowace makaranta, da ranar haihuwa da ranar kama aikin kowane malami. Daga waɗannan takardu za a iya fitar da yawan waɗanda za su yi ritaya a kowace shekara har shekara goma masu zuwa, da darussan da suke koyarwa, da makarantun da za su bari. Wannan lissafi ne ya kamata ya faɗa wa kwalejin Minna yawan ɗaliban da za ta ɗauka a fannin ilimin firamare, ya faɗa wa ma'aikatar kuɗi abin da za ta tanada, ya kuma faɗa wa majalisar dokokin jiha adadin da za ta nema a gani a kasafin kowace shekara.